Buhun Fulawa da Barazanar Attajiri a Ƙauyen Yellow Springs

A kudu maso yammacin jihar Ohio ta Amurka, tsakanin gonakin masara da na waken suya, akwai wani ƙauye da ake kira Yellow Springs. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanensa 3,697 ne. Amma idan aka fara jero sunayen waɗanda aka haifa a cikinsa, ko suka yi karatu, ko suka zauna na ɗan lokaci, sai ka rantse babban birni ake nufi. Gwamnan jihar da ya hau mulki a 2019, Mike DeWine, a nan ya tashi, iyayensa suna sana'ar irin shuka. Coretta Scott, wadda daga baya ta auri Martin Luther King, a nan ta yi kwaleji. Mario Capecchi, da ya ci lambar Nobel ta likitanci a 2007, nan ya yi digirinsa na farko. Virginia Hamilton, baƙar fata ta farko da ta ci lambar Newbery ta littattafan yara a 1975, haifaffiyar ƙauyen ce, a nan kuma ta gina gidanta kan gonar iyayenta. Sai kuma wanda ya fi su duka suna a yau, ɗan barkwanci Dave Chappelle.

Amurkawa suna son irin wannan lissafi. Da wuya ka sami ƙauyen da ba shi da jerin "fitattun mutanenmu", wani a allon bakin gari, wani a takardun tallan yawon buɗe ido. Matsalata da jerin ita ce yana cakuɗa mutanen da ba su da wata alaƙa da juna in ban da adireshi. Wanda ya zo ya yi shekara huɗu ya tafi bai waiwayo ba, da wanda ƙauyen ya wulaƙanta, da wanda ya zauna har ya mutu ya bar abin da ake ci, duk layi ɗaya ake sa su, kuma ma'aunin shi ne yadda duniyar waje ta san mutum. Abin da ya yi wa maƙwabtansa ba ya cikin lissafin. Ina ganin idan za a auna manyan ƙauye, tambayar da ta kamata ita ce: abin da mutum ya bayar, ya saki, ko yana riƙe da igiyarsa? Yellow Springs tana da misalin kowanne, shekara 128 tsakaninsu.

Tarihin farko ba ya buƙatar dogon bayani. Akwai wani marmaro mai ƙarfe a cikin ruwansa, wanda ke rina duwatsun da yake bi su yi ruwan ɗorawa, daga nan sunan ya fito. 'Yan ƙabilar Shawnee ne ke yankin kafin a kore su daga Ohio a farkon shekarun 1830, kuma su ba sa cikin jerin fitattu, sai dai sunan shugabansu Tecumseh da aka laƙaba wa ƙungiyoyi da makarantu. A 1825 wasu mabiya Robert Owen suka zo kafa al'ummar da za ta yi tarayya a komai, ba a jima ba suka watse. Jirgin ƙasa ya iso a 1846, masu kuɗi daga Cincinnati suka riƙa zuwa shan ruwan marmaron da sunan magani, aka gina otal-otal. Abin da ya sauya ƙauyen da gaske shi ne Kwalejin Antioch, wadda ta buɗe a 1853 ƙarƙashin Horace Mann, mutumin da ake kira uban makarantun gwamnati na Amurka. Tun a lokacin ta ɗauki mata da maza aji ɗaya, ta kuma karɓi baƙar fata, alhali bauta tana nan daram a tsallaken kogin Ohio. Mann ya rasu a 1859, kwalejin na fama da bashi, makonni kaɗan bayan ya faɗa wa ɗalibai cewa su ji kunyar mutuwa matuƙar ba su ci wa bil'adama wata nasara ba. Maganar ta zama taken kwalejin har yau.

Sunan da kwalejin ta yi ne ya jawo bayin da suka kuɓuta. A 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa, Moncure Conway, ɗan wani mai bayi a Virginia da ya juya wa bauta baya, ya kwashe bayin mahaifinsa kimanin talatin, ya ratsa da su ta Baltimore inda jama'a suka kusa far musu, ya sauke su a Yellow Springs. Zuriyarsu na cikin tushen baƙar fatar ƙauyen.

A cikin waɗannan shekarun ne Wheeling Gaunt ya iso, kuma a kansa nake son in tsaya.

An haife shi bawa a jihar Kentucky. Shekara da shekaru yana tara ɗan abin da yake samu daga ƙananan ayyuka bayan ya gama na ubangidansa, har a 1845 ya fanshi kansa a kan dala 900. Bai tsaya nan ba, ya ci gaba da tari ya fanso matarsa Amanda. Da suka koma Yellow Springs a shekarun 1860, sai ya shiga sayen filaye da gidaje, ya zama cikin masu hannu da shuni na ƙauyen. Ya taimaki Jami'ar Wilberforce da ke kusa, wadda cocin baƙar fata ke riƙe da ita. Gab da rasuwarsa a 1894 ya miƙa wa hukumar ƙauye fili eka tara, da sharaɗi guda: a ba da shi haya, kuɗin hayar a sayi fulawa a raba wa matalautan matan da mazansu suka rasu, duk ƙarshen shekara lokacin Kirsimeti. Bai ce baƙaƙe kaɗai ba. Mutumin da farare suka sa wa farashi kamar dabba, da ya tashi yin wakafi bai ware matansu ba. A rabon farko, mata 23 suka sami buhu 69.

Har yau ana yin wannan rabo. Filin ya daina zama gona, ya koma wurin shaƙatawa mai ɗauke da sunansa, da wurin ninƙaya da filayen wasan yara, amma hukumar ƙauye ba ta fasa alkawari ba. A watan Disamba, ma'aikatan da a sauran watanni ke gyaran titi da famfo da wayar lantarki sukan loda kaya a motocin aiki, su bi gida gida suna ƙwanƙwasa ƙofa. Daga baya an ƙara sukari, saboda matan sun rage gasa burodi sun fi yin kayan zaƙi. Kowace tana samun fam goma na fulawa da fam goma na sukari, wato kilo huɗu da rabi kowanne. A kasuwar Amurka wannan ba kuɗi ba ne, ko cefanen yini ɗaya bai kai ba. Amma ka ɗauki tsohuwar da ta binne mijinta a watan Yuli, 'yan gaisuwa sun watse, 'ya'ya sun koma Chicago da Atlanta, sai a cikin sanyin Disamba ta ji ƙwanƙwasa, ta buɗe ta ga mai gyaran famfo da leda biyu a hannu yana tambayar lafiyarta. Wannan gaisuwar ce wakafin yake saye.

Abin da ya fi burge ni a lamarin Gaunt bai wuce yadda ya tsara kyautar ba. Bai kafa gidauniya da 'ya'yan 'yan'uwansa a matsayin amintattu ba. Bai ce a riƙa tuntuɓar iyalinsa kafin a zaɓi wadda ta cancanta ba. Ya ba hukumar da jama'a ke zaɓa, ya faɗi sharaɗinsa sau ɗaya, ya cire hannu. Babu ranar da wani zai tashi ya ce idan ba a yi masa kaza ba zai janye filin kakansa. Sai a 2021 ƙauyen ya kafa masa mutum-mutumi, bayan ya shekara 127 a kabari, kuma duk tsawon lokacin fulawarsa ba ta yanke ba.

Kada a ɗauka ƙauyen aljanna ce ga baƙar fata saboda waɗannan labarai. Nan ne jerin fitattu ya fi yin ƙarya. Yau a harabar Antioch akwai cibiya mai sunan Coretta Scott King. Amma lokacin da ta zo daga Alabama a 1945 tana karatun koyarwa da kiɗa, da lokacin gwajin koyarwa ya yi, hukumar makarantun ƙauyen ta ƙi karɓarta, don ba su da malami baƙi ko ɗaya kuma ba su shirya farawa da ita ba. Ta kai kuka ga shugabannin kwalejin, suka ƙi tsaya mata. Dole ta yi gwajinta a ƙaramar makarantar cikin kwaleji. Don ta sami na kashewa ta yi renon yara, cikinsu har da John Lithgow, wanda ya girma ya zama shahararren ɗan fim. Shi ma yana cikin jerin. Mai reno da wanda aka rena suna layi ɗaya, babu abin da zai nuna maka cewa ɗaya an hana ta shiga ajin da ɗayan zai iya zama a ciki.

Kusan shekara ashirin bayan haka, a tsakiyar ƙauyen akwai wani mai aski, Lewis Gegner, da ya ƙi taɓa kan baƙar fata, yana cewa wai bai iya askin irin gashinsu ba. Aka yi ta shari'a da zaman dirshan a ƙofar shagonsa. Ranar 14 ga Maris 1964 ɗaruruwan mutane, yawancinsu ɗalibai, suka tare titi. 'Yan sanda daga garuruwan kewaye suka zo da barkonon tsohuwa da mesar 'yan kwana-kwana, aka kama sama da mutum ɗari. Gegner ya gwammace ya rufe shagon da ya aske baƙi. Shekara guda bayan nan Martin Luther King ya zo ya yi jawabin yaye ɗalibai a Antioch. Duk abin da ƙauyen ke taƙama da shi na adalci tsakanin launi, da rigima aka ƙwato shi, kuma waɗanda suka kwana a kurkukun garin Xenia da ke kusa saboda shi ba su da suna a allo.

Yanzu ga Chappelle. Ba baƙo ba ne a ƙauyen, wannan wajibi ne a faɗa. An haife shi a Washington a 1973, amma mahaifinsa malami ne a Antioch, kuma wani ɓangare na ƙuruciyarsa a nan ya yi shi. Mahaifiyarsa, Yvonne Seon, ta yi aiki da Patrice Lumumba a Kwango. Shi kansa ya musulunta tun yana saurayi. A 2005, lokacin da tauraronsa ke kan ganiya, ya yi watsi da kwantiragin dala miliyan 50 na shirin talabijin, ya tafi Afirka ta Kudu, duniya ta yi ta cewa ya haukace. Da ya dawo sai ya tare a gonarsa da ke bakin Yellow Springs. Ya sha faɗa cewa abin da yake so da wurin shi ne mutane ba sa damunsa, maƙwabci ne kawai.

Kuma ya yi wa ƙauyen abubuwa na zahiri. A 2020, da annobar korona ta rufe komai, ya shirya wasanni a fili a tsakiyar gonakin masara, ana gwada mutane a ƙofa, kujeru nesa da juna, manyan 'yan barkwancin Amurka suna sauka a ƙauyen. Masu otal da gidajen abinci sun sami na rufin asiri a shekarar da takwarorinsu a wasu garuruwa suka durƙushe. Ya sayi tsohon ofishin 'yan kwana-kwana don ya mai da shi gidan wasa. Ya sayi wata tsohuwar makaranta ta ƙarni na 19 ya gyara don gidan rediyon WYSO, wanda aka kafa a ƙauyen tun 1958, ya samu mazauni kada ya koma Dayton. Wanda ya ce bai yi komai ba, ƙarya yake.

Sai ranar 7 ga Fabrairu 2022. Wani kamfanin gine-gine mai suna Oberer yana da fili kimanin eka 53 a kudancin ƙauyen. Bisa dokar da ke kan filin, yana iya gina gidaje 143 masu zaman kansu, mafi arha a cikinsu dala 300,000. Hukumar ƙauye ta yi watanni tana ciniki da kamfanin har suka cimma wani tsari dabam: a gauraya manyan gidaje da ƙanana masu haɗe da juna, kamfanin kuma ya ba ƙauye eka 1.75 kyauta don a gina wa masu ƙaramin ƙarfi. Ranar da za a kaɗa ƙuri'a, Chappelle ya tashi a gaban majalisa. Bai yi maganar cunkoson motoci ba, bai yi ta magudanar ruwa ba. Ya ce yana mamakin yadda za su sa shi ya zo yana neman amincewarsu kamar ɗan gwaji, ya ce sun yi kama da 'yan wasan ban dariya, ya ambaci darajar kamfaninsa, sannan ya ce ba wasa yake ba, zai kwashe duk abin da ya zuba. Aka kaɗa ƙuri'a, kansila ɗaya ya janye, sauran huɗun suka yi kunnen doki, biyu da biyu. Tsarin ya faɗi. Watanni kaɗan bayan haka aka ji cewa kamfanin da ke da alaƙa da shi ya sayi wani yanki na filin.

Masu kare shi suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko, ba shi kaɗai ya ƙi tsarin ba, mazauna da yawa sun yi magana kafin shi da bayansa. Na biyu, eka 1.75 cikin 53 ɗan tsaki ne, kuma babu tabbacin yaushe za a gina wani abu a kai. Mai magana da yawunsa ya ce shi ba ya adawa da gidajen talakawa, yana adawa ne da tsarin da aka yi a gurguje aka lulluɓe da sunan talaka. Na uku, kuɗinsa ne, babu dokar da ta tilasta masa zuba su a ƙauyen da ba ya son inda ya dosa. Ban kuma da hujjar cewa kansilolin biyu da suka ƙi saboda tsoronsa suka ƙi.

Duk na yarda. Amma ko da tsarin Oberer ya fi haka muni, abin da aka yi a wannan dare bai dace ba. A majalisar ƙauye kowa 'yan mintoci ake ba shi ya faɗi dalilinsa, malamar firamare da mai sayar da littattafai da attajiri. Amfanin zauren ke nan, wuri ɗaya ne da aljihu ba ya magana. Shi kuwa da ya tashi, aljihun ya ɗora a tebur a madadin dalili. Daga wannan rana, duk kansilan da zai kaɗa ƙuri'a kan wani abu da ya shafi fili ko gini, dole a ransa ya lissafa mutum ɗaya daban da sauran dubu uku da ɗari bakwai. Ko bai sake buɗe baki ba, an riga an ji. Gidan wasan da gidan rediyon da ayyukan da ya samar, waɗanda jiya ake gani kyauta ce, sun bayyana a matsayin jingina. Akuyar da aka ba ka amma igiyarta na hannun mai ita, kiwo kake masa.

Abin da ya sa barazanar ta yi nauyi shi ne ƙauyen ya san ɗacin rasa majingina. Shekara ɗari da hamsin yana rayuwa a inuwar kwaleji. A zamanin Arthur Morgan, injiniyan da ya shugabanci Antioch daga 1920 zuwa 1936, an ɓullo da tsarin da ɗalibi zai yi wani lokaci a aji, wani lokaci a wurin aiki, kuma a zamaninsa da bayansa daga cikin kwalejin masana'antu suka tsiro: Vernay mai yin kayan roba na injuna, YSI mai na'urorin auna ruwa, kamfanin buga takardu na ɗan Morgan. A farkon shekarun 1970 ɗalibai sun haura dubu biyu. Daga nan aka fara gangara: yajin ɗalibai na 1973, buɗe rassa barkatai a faɗin ƙasa da suka tsotse uwar, raguwar masu neman shiga. A 2008 aka rufe kwalejin ɗungurungum. Tsofaffin ɗalibai suka tara kuɗi suka karɓe ta, ta sake buɗewa a 2011, amma da ɗalibai 'yan ɗaruruwa ko ƙasa da haka. Vernay ta rufe masana'antarta a ƙauyen ta bar gurɓatacciyar ƙasa. YSI ta koma hannun babban kamfanin waje. Ƙauyen da ya ga wannan duka, idan wani ya ce zai kwashe nasa, ba zai ɗauka da wasa ba. Chappelle ya san haka sarai, a gabansa aka yi.

Sai dai zai zama rashin adalci a ɗora wa mutum ɗaya laifin da ƙauyen gaba ɗaya ya daɗe yana aikatawa cikin ladabi. Jaridun Amurka sun ji daɗin labarin, attajiri ya hana talakawa gida, aka yi ta yaɗa bidiyon. Amma tsadar gidaje a Yellow Springs ta girmi wannan taro da shekaru talatin. A gabas akwai dajin Glen Helen, eka dubu da Hugh Taylor Birch ya bayar a 1929 don tunawa da 'yarsa, ba a gini a ciki. A 1999, da aka sa gonar Whitehall mai eka 940 a gwanjo a arewacin ƙauyen, jama'a suka yi karo-karo cikin 'yan makonni, tare da ƙungiyar Tecumseh Land Trust, suka tabbatar ba za a taɓa yanka ta fuloti ba. Suna alfahari da wannan, kuma abin alfahari ne. Layin dogon da ya mutu an mai da shi hanyar keke, baƙi na tururuwa duk ƙarshen mako. An kewaye ƙauyen da kore ta kowace fuska, ya yi kyau, kowa na son zama a ciki, kuma ba a ƙara gidaje. Ba sai an yi karatun tattalin arziki ba kafin a san abin da zai biyo baya.

Wanda ya biya kuɗin wannan kyau shi ne mai ƙaramin ƙarfi, kuma a Amurka wannan yakan zo da launi. A 1970 kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna ƙauyen baƙar fata ne. A ƙidayar 2010 sun koma kashi 12 cikin ɗari. Babu wanda ya kore su, babu wani Gegner da ya tsaya a ƙofa. Tsoho ya mutu, magada suka duba harajin gida da farashin da ake tayawa, suka sayar wa ɗan fansho daga Columbus, suka koma Springfield ko Xenia inda haya ke da sauƙi. Jikokin mutanen Conway da masu zanga-zangar 1964 suna zuwa ƙauyen ziyara. A farfajiyar gidajen da suka bari kuwa, an kafa allunan da ke cewa rayukan baƙar fata na da daraja. Mazaunan da suka tafa wa faɗuwar tsarin Oberer ba su yi barazana da miliyoyi ba, da murya mai taushi suka yi maganar tsuntsaye da cunkoso da "halin ƙauyenmu", amma sakamakon ɗaya ne. Bambancinsu da Chappelle shi ne shi ya faɗa da ƙarfi kuma kyamara na kunne.

Abin haushin shi ne maganin yana cikin tarihin ƙauyen kansa. Arthur Morgan ɗin nan, bayan ya shugabanci hukumar raya kwarin Tennessee a zamanin shugaban Amurka Roosevelt, sauran rayuwarsa ya ƙarar da ita kan tambayar yadda ƙaramin gari zai rayu. A 1937 ya taimaka aka kafa wata al'umma a Celo, jihar North Carolina, inda ƙasa ba ta mutum ɗaya ba ce, ta amana ce. Wannan tunani na cikin tushen abin da ya yaɗu a Amurka daga baya, kuma a Yellow Springs akwai ƙungiya mai suna Home, Inc. da ke aiki da shi. Yadda abin yake: ƙungiyar ta mallaki filin har abada, ta gina gida, ta sayar wa iyali ginin kawai, filin kuma ta ba su haya ta shekara 99 a kan ɗan kuɗi kaɗan. Da yake ba su sayi ƙasa ba, farashin ya sauko sosai. Ranar da za su sayar, akwai ƙa'idar da ta ƙayyade ribar da za su ci, don na bayansu ma ya iya saye. Gidan na gado ne, ana iya barin wa 'ya'ya, amma ba ya shiga kasuwar 'yan kashe-mu-raba. Abin da ke hana ƙungiyar gudu shi ne fili. Fuloti ɗaya, biyu, wani lokaci shida, haka take tsinta, a ƙauyen da kowane taku na ƙasa ke da mai taya shi.

Ga Chappelle yana riƙe da eka masu yawa a bakin ƙauye, daidai inda aka ce za a ba talaka eka 1.75 ya ce ta yi kaɗan. In har ƙanƙantar rabon ce ta dame shi kamar yadda aka faɗa a madadinsa, hanyar nuna hakan a buɗe take, kuma ba ta buƙatar ƙuri'ar kowa: ya yanki eka tara, daidai na Gaunt, ya rubuta wa amintattun ƙauye, ya sa sharaɗin da yake so sau ɗaya a takarda, lauyoyi su sa hannu. Eka tara, ko da gida biyar aka sa a kowace, iyali arba'in da biyar ne, malaman makaranta da masu jinya da masu dafa abincin da baƙinsa ke ci. Hukumar ƙauye ita ma tana da nata filayen da dokokin gini da za ta iya sassautawa ba tare da jiran kowa ba, kuma mazaunan da suka tara kuɗi cikin makonni don ceton gonar Whitehall sun nuna cewa idan abu ya dame su sun san inda ake samo kuɗi.